Sai Baba Ya Duba Jirgin

Litinin: Sakkwato zuwa Gusau

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, ni da Baba muka hau keke napep daga Gawon Nama zuwa tasha. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da shadda, shekarata talatin da takwas, da mata da 'ya'ya uku. Na daɗe ina burin koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama, irin wanda mutum ke tuƙawa don kansa, amma ba zan fara ba sai da yardar mahaifina. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana jan babbar mota zuwa Legas, ba ya yarda da direban da bai gani da idonsa ba. Ya ce sai ya je Zariya ya ga jirgin da mai koyarwar. In bai gamsu ba, magana ta ƙare.

Tun a tasha ya fara halin nasa. Direbanmu na shiga ya murza makulli.

"Malam direba, ka duba baƙin mai da ruwa?"

"Jiya na duba, Alhaji."

"Jiya ma ai ka ci tuwo. Yau ba ka ci?"

Dole bawan Allah ya fito ya buɗe gaban mota, fasinjoji na dariya, ni ina sunkuyar da kai. Mun tashi shida da minti goma, muka sha shayi a Talata Mafara, muka wuce shingen jami'an tsaro tara kafin Gusau, goma da rabi.

Gusau zuwa Zariya

A Funtuwa muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake, faranti dubu ɗaya da ɗari biyar, Baba ya ce a zamaninsa kuɗin taya ne. Mun shiga Zariya da la'asar, muka sauka gidan Malam Shehu, abokin cinikina. Da ya ce wa Baba ai zan zama matuƙin jirgi, Baba bai ko ɗaga kai daga tuwonsa ba.

Talata: filin jirgi

Bakwai da rabi muna makarantar koyon tuƙin. Mai koyarwar mace ce, Kyaftin Ladi, 'yar wajen Jos. Ta rusuna ta gaida Baba, ya amsa a taƙaice, ya dubi jirgin. "Wanga abu ko a-kori-kura ta hi shi girma," in ji shi.

Ba ta ja da shi ba. Ta ɗauko takarda ta fara zagaya jirgin tana bin ta layi-layi. Ta shafa farfela, ta motsa jelar, ta durƙusa ta duba tayoyi, ta tsiyayo mai daga ƙasan fiffike a ɗan kofi ta ɗaga sama, wai ko ruwa ya shiga. Na ga Baba ya matso, hannu a baya.

"Ɗiyata, yaushe anka tashi da shi?"

"Jiya da yamma, Baba."

"Kuma yau kin sake dubawa?"

"Ko sau biyar za mu tashi a rana, sau biyar za mu duba."

Sai ta ce ni in gwada baƙin mai. Don in burge, na zaro ƙarfen gwajin da sauri na ce ya cika. Kusan tare suka daka mini tsawa, ita da Baba: a goge, a mayar, sannan a karanta! Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro tsummansa, wanda ya shekara goma da barin tuƙi bai rabu da shi ba, ya miƙo mini. Na goge, na mayar, na karanta.

"Ɗiyata," ya ce, "ki tahi da shi. In ya yi gaggawa, ki ja kunnenai, na ba ki."

Minti arba'in muka yi a sama. Da muka daidaita ta sakar mini sitiyari na ɗan lokaci, jirgi ya bi hannuna, gonaki na wucewa a ƙasa. Wallahi ban taɓa jin kaina ya kai haka ba. Muna sauka na cike takardun shiga, aka sa mini ranar gwajin lafiya.

Laraba: gida

Mun bar Zariya shida na safe, muka iso Sakkwato bayan la'asar. Kafin in ajiye jaka, Baba ya riga ya zauna a majalisarsu ta ƙofar gida, ina jiyo muryarsa: "Ɗana na tuƙa jirgi, da idona nig gani. Amma duba baƙin mai, ni nik koya mai!"

Na je mayar masa da tsummansa, ya ture hannuna, ya ce ai yanzu ni ne direban gidan. Yana cikin jakar da zan koma Zariya da ita.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, sannan ga Malam Shehu da Kyaftin Ladi. Allah ya ƙara wa Baba tsawon rai.