Lemon da Na Sirka wa Baƙi

Tun da aka kawo ni Abakpa ina amarya har na ga jikoki, ban taɓa miƙa wa baƙo ruwan lemo tsantsarsa ba. Nakan zaɓi wanda ya nuna sosai, in matse shi da hannuna, in tace da rariya, sa'an nan in sirka shi da ruwan randa har tsamin ya kwanta. Haka na tashi na ga mahaifiyata tana yi wa tsamiya, kuma ban taɓa jin an kira mai damun fura marowaciya don ta zuba ruwa a ƙwarya ba. Lemo tsantsa yakan dasar da haƙori, ya bar mutum da ƙishin da ya fi na farko. Wanda ya ratso ranar Kaduna ya iso gidanka, abin da zai sanyaya masa maƙogwaro yake bukata.

Sai zamani ya zo da lemon kwali, mutane suka mai da shi ma'aunin karamci. Yanzu idan ba a fasa kwali a gaban baƙo ba, cewa za a yi an raina shi.

Ranar da matan dangin saurayin jikata za su zo ganin gida daga Rigachikun, matar ɗana ta same ni ina matsa. Ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah a bar wannan yau. Na aika unguwar Doka an sayo na kwali. Kada su tafi da mu a baki."

Na ce, "Ɗakina za su fara shiga gaisuwa, abin ɗakina kuwa za su sha. In sun isa naki, ki ba su kwalin har da marfinsa."

Suka zo, muka gaisa, na zuba wa kowa. Babbarsu gwaggon yaron ce, mace mai kaifin harshe. Ta kurɓa, ta ɗaga tambulan ta duba shi a hasken taga, ta ce, "Hajiya, wannan lemon ai ya riga mu shan ruwa. Shin lemo aka sirka, ko randa aka ɗiga wa lemo?"

Sauran suka rufe baki da mayafi suna dariya.

Na ce, "Hajiya, na kwalin da ranki yake so, kina zaton a bishiya ya fito da kwalinsa? Can ma ruwa aka zuba, aka ƙara sukari, ba ki kuwa ga hannun da ya zuba ba. Nawa ga randar, ga hannun." Na miƙa mata tafina yana ƙanshin ɓawo.

Ta ajiye tambulan, ba ta ƙara kurɓa ba.

Ba a jima ba magana ta dawo mana, wai gidanmu gidan rowa ne, yarinyar da ta tashi a nan ba za ta fita kunyar baƙin miji ba. Jikata ta shiga damuwa, ta rage cin abinci, wannan kuwa ya taɓa ni ƙwarai. Mahaifinta ya zo ya zauna a gefen tabarma, kansa a sunkuye, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri a aika musu da katan na lemo da sunanki, a wuce wurin."

Na gaya masa aika katan amsa laifi ne, ni kuwa ban yi laifi ba. Idan za su fasa auren yarinya mai tarbiyya saboda moɗar ruwa, gara su fasa tun tana gabanmu. Na sa aka sayo babban kwandon lemo a kasuwa, na zauna na zaɓe shi ɗai-ɗai, na fitar da duk mai tabo. Aka kai Rigachikun tare da saƙona: ga lemo nan cikin ɓawonsa, ba wanda ya taɓa cikinsa, kowace ta matse ta sha yadda ta ga dama.

Ba su aiko da amsa ba. Bayan ƴan kwanaki sai ga iyayen yaron maza sun zo sa rana, aka yi biki lafiya. Gwaggon kuwa har yau idan ta zo, a tsakar gida take tsayawa ta gaishe ni, ni ma daga inda nake zaune nake amsa mata.