Shafin Jakar Inna

Har yau idan na shiga shago na ji warin sabuwar jakar hannu, warin nan na roba da gam, sai hannuna ya riga idona shiga ciki. Ba launi nake dubawa ba, shafi nake lalube, wato ƙyallen da ake ɗinka wa jaka ta ciki. Kakata ce ta bar mini wannan hali, kuma sai da na sha kuka kafin in koye shi.

Ina aji shida a lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu da ke tsakanin Malbaza da Dogarawa, Inna ta sayo jaka a kasuwar Ƙonni. Baƙa ce mai sheƙi, an tsallako da ita daga Nijeriya, maɓallinta yana ƙara ƙas idan an rufe. Duk matan gida sai da suka taɓa suka yaba. Kakata kuwa, wadda ta tsufa tana ɗinkin hannu, sai ta juyo cikin jakar waje kamar mai wanke tumbin akuya, ta ɗaga shafin a rana. Ta ce tana hango yatsunta ta cikinsa, ga ɗinkin layi ɗaya, ba a ko kalmashe bakin ba. Wanda ya yi ta, in ji ta, idon mai saye kawai ya yi wa aiki. Inna ta ji haushi, ta ce dama tsohuwa ba ta taɓa yabon abin da ba ita ta zaɓa ba. Ni kam bayan Inna nake. Da ta tafi rijiya sai in rataya jakar in yi ta tafiyar matan buro, masu aikin ofis, a tsakar gida.

Da zafi ya fara, lokacin da ake cire albasa, malaminmu, da muke kira mushe, ya ce kowa ya kawo takardar haihuwarsa ranar Juma'a, don a aika da sunayen masu jarrabawar shiga kwaleji. Wanda bai kawo ba sai baɗi. Ni kuma ba ni da baɗi, don Baba ya riga ya faɗa cewa ba a maimaita aji a gidansa, in na rasa bana to karatu ya ƙare. Takardar ma sai da ya yi sawu uku zuwa Ƙonni kafin ya samo ta. Inna ta ninke ta huɗu ta saka a aljihun cikin jakar, wai nan ne wuri mafi tsaro.

Ranar Laraba ta buɗe aljihu, babu komai.

Mun kwance ɗaki kaf. An zazzage akwati, an ɗaga katifa, an buɗe kwanonin jere ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka ƙanwar Baba ta ce ai ta gan ni rataye da jakar, sai kowa ya juyo kaina. Na rantse ban taɓa buɗe aljihun ba, ba wanda ya yarda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, zuwa safiyar Alhamis ni kaina na fara shakkar kaina.

Kakata tana wurin suna a Dogarawa, sai la'asar ta dawo. Ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta saurari kowa har ya gama.

"Ku ba ni jikkag ga," ta ce.

Inna ta ce ta kakkaɓe ta fiye da sau goma. Kakata ba ta ko leƙa ciki ba. Ta kara jakar a kunne, tana matsa gindinta a hankali, sai muka ji wani abu yana ƙwas-ƙwas. Ta cusa ɗan yatsa a kusurwar aljihun, yatsan ya wuce har ƙarshe. Ta aike ni in ɗauko reza, ta farke shafin. Ga takardar kwance tsakanin ƙyalle da fata, tare da ɗan kunnen Inna ɗaya da ya ɓace tun watan azumi.

"Ga takardakki, ɗiyata. Ba ke kika ɓad da ita ba."

Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Ban taɓa jin sanyin rai irin na ranar ba, kuma ba takardar ce kaɗai ta sa ba. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba, iyayen lokacin ba su saba da haka ba, amma da magariba babbar tsokar miya a kwanona ta faɗo. Kakata ta yanko tsohon zanenta ta ɗinka wa jakar sabon shafi, layi biyu, baki a kalmashe, tana yi tana mita har ta gama. Sheƙin wajen ya sale cikin shekara biyu, shafin kuwa ko zare bai saki ba.

Yanzu yawancin jakunkuna manna shafin ake yi da gam, mutane kuma a waya suke saye, ba su ko taɓa ba. 'Yata kunya take ji idan na juye jaka a gaban mai shago. Watan jiya za ta tafi Tawa rajistar jami'a, na ga ta zuba takardunta a sabuwar jakarta. Na karɓa, na cusa yatsa a kusurwar aljihun, na danna da ƙarfi. Bai wuce ba. Sannan na miƙa mata na ce Allah ya kiyaye hanya.