Wasiƙun Baban Reluwe

Bango ɗaya ne ya raba gidana da na wani dattijo Kirista a Ƙaura Namoda, ta wajen tashar jirgin ƙasa. Baban Reluwe muke ce masa. Mutumin kudancin Kaduna ne. Aikin layin dogo ya kawo shi tun yana saurayi, ya zama shugaban leburori masu gyaran layi, har ya yi ritaya. A nan matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka watse neman abinci. Ni kuwa tela ne, kekena yana cikin zauren gidana. Ban yi boko ba. Allo na yi, na ɗora da littattafai a gaban mahaifina, kuma har yau awon rigunan mutane da ajami nake rubuta shi.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, jihar Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har gobe ban canja ba. Sai dai murnarmu ta zo wa wasu maƙwabtanmu da tsoro. An sha faɗa a rediyo cewa abin bai shafi wanda ba Musulmi ba, amma labarin tashin hankali ya riƙa isowa daga wasu garuruwa. Kusan kowace safiya sai ka ga mota an ɗaure katifu da kujeru a kanta, ta nufi kudu.

Cocin su Baba ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano, kuma da Hausa suke ibada. Shi ne mai ba da waƙa, jama'a suna amshi. Faston ya kai iyalinsa gida da alkawarin zai dawo, aka ji shiru. Sauran ma suka riƙa raguwa har Baba ya je Lahadi biyu ya tarar da benci kawai. Akwai manyan coci a Sabon Gari, amma da Turanci da wasu harsuna ake yi, ya ce in ya je can zama kawai yake yi.

Ya saba waƙa a tsakar gidansa kowace safiya, daidai lokacin da nake shimfiɗa yadi. Wata Lahadi bai fita ba. Sai na ji ya rera baiti ya yi shiru, ya sake rerawa ya yi shiru. Mai ɗakina ta ce ko numfashi ke yanke masa, in je in duba. Na yi sallama, na same shi a kan kujerarsa ta katako.

Na ce, "Baba, lafiya? Mun ji waƙa na tsinkewa."

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Wurin amshi nake bari."

"To wa za ya amsa? Ƙadangarun bango?"

"Kada ka raina su. Su ba su hau mota ba."

Muka yi dariya, amma tasa ba ta yi nisa ba. Ya gaya mini ɗansa na Jos ya aiko cewa ƙarshen wata zai zo da mota ya kwashe shi. Shi kuma ya yanke cewa in har lokacin ba wanda zai yi ibada tare da shi, zai bi yaron. Ya ce ba ya so. Garin da za a kai shi bai san kowa ba, nan kuwa ko mai nama ya san irin yankan da haƙoransa ke iyawa.

Na ce, "To Baba, ba Allah na jin ka kai kaɗai ba? Ga shi kullum kana yi."

Ya ce, "Yana ji mana. Na safe nawa ne, ni da Shi. Kuma ba roƙo nake ba, roƙo daban yake. Ina gaya Masa ne na ga abin da Ya yi. Na tashi, ƙafa ta ɗauke ni, rana ta fito ban sa hannu ba. Shi ba Ya ƙaruwa da wannan. Ni ne in na yi shiru nake mantawa, in fara ganin kamar ni na yi wa kaina."

"Ai kuwa ya isa."

"Ka taɓa ɗaga ƙarfen dogo? Ba ka taɓa ba, allura ka sani. Mutum goma sha biyu ke kama shi. Ni ke ba da waƙa, in sun amsa sai a ɗaga tare. A cikinsu kullum akwai wanda ba shi da ƙarfi ranar, ko zazzaɓi ko yunwa, amma ƙarfe yana tashi, shi ma hannunsa na jiki. Da Mamansu ta rasu, wata uku bakina bai buɗe ba. Har na safen ya tsaya. Sai in je coci in tsaya kamar turke, su suna yi a gefena. Daga can na samo shi na dawo da shi gida. Yau ina da ƙarfi, Malam. Gobe fa?"

Addininmu ba ɗaya ba ne. Ban taɓa ɓoye masa hakan ba, shi ma bai taɓa ɓoye mini ba. Amma wannan magana na gane ta. Ina da nafilata da nake yi a ɗaki ba wanda ya sani, kuma na san ranar da na shiga sahu zuciyata a bushe, kafaɗar na kusa da ni ce ta tsayar da ni har aka sallame.

Ya ce akwai mutum uku da suka saba zuwa daga nesa: wani bakanike a Shinkafi, wata malamar asibiti a Zurmi, da wani malamin firamare a Sakajiki. Yana zaton ba su tafi ba, kowa dai ya ɗauka sauran sun tafi. A lokacin ba wayar hannu. Idonsa ya yi yana, hannunsa kuma yana rawa. Ya ce, "Ka rubuta mini."

Na tambayi kaina ko ya dace. Na ga dattijo ne maƙwabcina, ba ya gani sosai, yana son ya aika wa 'yan'uwansa magana, ni kuma ina da hannu. Na je na ɗauko tawada da alƙalamina na kara. Yana faɗa ina rubutawa. Da muka zo ƙarshe, ya fara wata jimla irin ta aƙidarsu, sai ya tsaya da kansa ya ce, "A'a, wannan ba zan sa ka rubuta ba. Sun san sauran." Ban manta masa wannan ba.

Na yi kwafi uku, na naɗe kowace ƙanana kamar yadda na saba, na kai tashar mota na rarraba wa direbobi. Daga ni har Baba ba wanda ya tsaya ya yi tunanin ko mutanen nan suna karanta ajami. A wurinmu takarda takarda ce, in ba ka iya ba maƙwabcinka ya iya.

Ran Laraba direban Shinkafi ya tsaya a ƙofar zaurena, bai ko kashe mota ba.

"Malam, mi kar rubuta ma mutumin ga? Tun da nib ba shi yak kulle gareji."

"Kai mi kac ce mishi?"

"Na ce wani malami na Ƙaura ya ce a ba ka, kuma lalle ka zo ran Lahadi."

Nan take na gane ɓarnar. Mutum yana cikin tsoro, an miƙo masa takarda da rubutu irin na Larabci, daga malami, da umarnin ya zo rana kaza. Na je nema wa Baba mai amshi, na kusa korar masa wanda ya rage.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Na bi motar farko. Na tarar da bakaniken a bayan tasha, ya tara sifanu da jak a cikin buhu, matarsa tana ɗaure tukwane. Na yi sallama na ce ni ne na aiko takardar. Sai ya cire hula ya durƙusa.

"Malam, ni ba na sayar da giya. Ban taɓa rigima da kowa ba, a tambaya."

Na ce, "Tashi, Injiniya. Mi kaz zata?"

"Sammaci ne daga alƙali."

Mai shayin da ke gefe ya ce, "Na gaya mishi, wace kotu ka zama ran Lahadi? Yac ce wai ta yanzu ba ruwanta da Lahadi."

Ya ciro takardar daga aljihu, ya naɗe ta a leda, bai nuna wa kowa ba don kada magana ta bazu. Na miƙa hannu zan karanta, sai limamin masallacin tasha, wani tsoho mai farin gemu da ke zaune a benci, ya ce, "Kawo nan. Kai kar rubuta, in ka karanta sai shi ce ka sauya." Ya sa tabarau. Kafin ya warware ta mutane sun taru, ka san ranar kasuwa.

Ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar mai jan baƙi: "Gaisuwa mai yawa daga Baban Reluwe. Ina nan ban tafi ba. Na san kana yabon Ubangiji a ɗakinka, ni ma ina yi a nawa. Amma ɗakin da muka gina tare yana nan, na share shi. In kana iyawa ka zo ran Lahadi mu yabe Shi baki ɗaya, don Ya tsare mu har yau. In ba ka iyawa, ban riƙe ka ba."

Bakaniken ya zauna a kan buhun kayansa ya rufe fuska da hula. Matarsa ta saki igiya ta ce, "Kwana uku ba mu ci abinci ba saboda Baba!" Aka fashe da dariya.

Wani matashi mai sayar da turare bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai da hannunka, da haruffan da munka yi karatu da su, kar rubuta kira zuwa coci?" Kowa ya juyo yana kallona. Gaskiya na ji tsoro, don ba garinmu ba ne, kuma kwanakin ba na wasa ba ne.

Liman ya cire tabarau ya ce, "Yaro, tsoho mai ciwon ido yac ce ma maƙwabcinai rubuta min wasiƙa. Shi ko ya rubuta abin da anka ce mishi, bai ƙara ba, bai rage ba. Shari'ar da mukai ma murna, haƙƙin maƙwabci na cikinta ko babu?" Matashin ya ce yana ciki. Liman ya ce, "To je ka ga turarenka." Sannan ya sake duba takardar, ya tambaye ni wa ya koya mini rubutu. Na ce mahaifina. Ya ce, "Allah Ya jiƙan shi, ya gyara ma hannu." Ya juya ga bakaniken: "Kai kuma kwance buhun ga. In ka tahi, wa za ya gyara muna injin ruwan masallaci?" Wani direba ya ce yana da lodin Ƙaura ran Lahadi da safe, kujerar gaba ta Injiniya ce da matarsa.

Na dawo gida ina jin daɗin mutanenmu irin wanda ban iya faɗa ba. Ran Juma'a bayan masallaci na nufi Zurmi, ina fargabar na yi irin wannan ɓarna can ma. Malamar asibitin ta yi ta dariya. Ta ce wata tsohuwa da ta rako jikarta awo ce ta ga takardar a kan tebur, ta karanta mata tsaf, har ta ce mata, "Ɗiyata, ki tahi, tsoho na kira." Takardar Sakajiki kuwa ta dawo mini yadda na naɗe ta. Malamin ya riga ya tafi.

Ɗan Baba ya iso ran Asabar da babbar mota. Baba ya ce a bari sai an ga gobe. Da safe na ga bakaniken da matarsa sun sauka, malamar asibiti ta zo a kan babur, sai wasu tsofaffin mata biyu na cikin gari da suka ji labari suka fito. Da ɗan da uban, mutum bakwai ke nan. Cocin ba shi da nisa da zaurena. Ina kan keke na ji muryar Baba ta tashi, aka amsa masa. Na ɗaga ƙafa daga feda na ɗan saurara, sannan na ci gaba da ɗinkina.

Ran Litinin ɗan ya shigo zaure ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba Malam, ya ce ba ya zuwa. Wai mutum biyar sun dogara da shi."

Na ce, "Haka yac ce min."

"In wani abu ya taso fa?"

"Mai shiga gidanai sai ya wuce ƙofar ga, ni ko kullum ina nan. Kuma ba ni ɗai ba, tambayi unguwa."

Ya yi godiya ya tashi. Motar ta koma da buhunan waken wani ɗan kasuwa don kada ta tafi wayam. Ba ta gama fita layinmu ba sai ga Baba ya dogaro sanda, farar rigarsa a kafaɗa. Ya jefa ta a kan kekena ya ce, "Malam, duba mini hammatar nan. Jiya na ɗaga hannu da yawa."