Hannun da Ya Juya 'Yar Gwaggo

"Cire takalmin nan," in ji Gwaggo, ƙanwar babana. "Da wannan tsawon naki kuma sai kin ƙara da tsini? Yarinyar za ta koma kamar 'yar tsana a hannunki."

Muna wajen bikin wata 'yar'uwa ne a unguwar Zahir, nan Makka, ɓangaren mata. An karɓe wayoyi tun a ƙofa, an cire abayoyi, mai sa kiɗa ta sako kiɗan rawar merenge saboda mu. Gwaggo tana riƙe da hannun 'yarta tana miƙo min ita.

Merengen nan a wajen motsa jiki na mata muka koya a Aziziyya, ni da 'yar Gwaggo. Rawa ce ta mutum biyu, ɗaya na ja ɗaya na bi. A bidiyo namiji ne ke ja. Mu babu namiji, don haka ranar farko malamar ta dube mu ta nuna wadda ta fi tsawo. Shi ke nan na zama mijin kowa. Duk biki ni ke juya 'yan matan dangi, har yara na ce min angon aro.

Amma wannan bikin daban ne. A teburin gaba akwai wata Hajiya mai gilashi, ɗanta yana aiki a kantin magani kusa da gidanmu. Ya yi tambaya a kaina, ƙanwarsa ce ta gaya min, ta ce uwarsu za ta zo ta gan ni. Ni ma ina son sa, ba sai na ɓoye muku ba. Saboda Hajiyar na sayi riga da takalmin. Ummi kuwa, mahaifiyata, don murna ta gaya wa Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, yau dai a bar ni, wata ta ja."

"Wa ya iya in ba ke ba? Yalla, ya binti, kar waƙar ta ƙare."

Na kalli Ummi. Ta sunkuyar da kai tana gyara kofin gahawa da ba abin da ya same shi.

Na cire takalmin.

Bari in gaya muku yadda ake juya mutum. Hagunki na riƙe da damanta, damanki na bayan kafaɗarta. Kuna takawa kamar masu tattaka kayan wanki. In za ki juya ta, sai ki ɗaga hannun sama da kanta kafin lokacin, don jikinta ya sani. Ba a murɗawa. Sakin yatsu ake yi, nata su zagaya a cikin naki, ki zana ɗan ƙaramin zobe a saman gashinta. In kin iya, ita za ta zaci ita ta yi niyya, masu kallo ma haka. In kuma kin makara kaɗan, ko kin sauke hannun, za ta harɗe ƙafa, gashin da aka biya kuɗi aka gyara ya wargaje, kuma ita za a yi wa dariya. Ba mai kallon mai ja.

Gwaggo na gefe tana nuna min teburin gaba da haɓa. Na kai mata 'yarta wajen.

'Yar Gwaggo ba ta jin kiɗa, wallahi ko tafi ba ta iya yi daidai. Hannunta duk gumi. Ta ce a hankali, "Kar ki sake ni, habibti." Ban sani ba ko ta san abin da uwarta ke yi. Har yau ban tambaye ta ba.

Na ɗaga hannu, ta juya, rigar ta buɗe. Na sake juya ta a hankali, yadda za a ga fuskarta. Na zagayo da ita ta bayana, na dawo da ita gaban Hajiya. Aka yi guɗa. Raina yana cewa makara mata sau ɗaya, amma hannun ya saba, aikinsa kawai yake yi.

Da waƙa ta ƙare Hajiya ta yafito mu. Ta kama kumatun 'yar Gwaggo. "Masha Allah, kamar auduga. Duk inda aka kai ta tana zuwa."

Gwaggo ta ce, "Haka take a gida ma, Hajiya."

Sai Hajiya ta dube ni daga sama har ƙafata da ba takalmi. "Ke ce wadda aka ce min?"

"Ni ce, Hajiya."

"Kin iya tuƙa mutane." Ta juya wajen matar da ke kusa da ita, ba ta ko rage murya ba. "Wannan in ta shiga gida, ɗana ne zai riƙa juyawa."

Teburin ya kwashe da dariya. Gwaggo ta fi kowa, har tana share hawaye da gefen mayafi. A mota Ummi ta ce min kowa da rabonsa, ta tambaya ko na ɗauko takalmin.

Ƙanwar ɗan Hajiya ta daina amsa min saƙo. Shi kuma in na shiga kantin sai ya tura abokin aikinsa. Bayan Hajji aka ɗaura musu aure da 'yar Gwaggo, saura biki.

Makon jiya Gwaggo ta turo saƙon murya. Wai amarya na son ango ya juya ta ranar da zai shigo ɓangaren mata, kuma babu malama kamar ni. Ummi ta ce ba a ƙi. Na sa niƙabi na tafi Utaibiyya, na tsaya a falon Gwaggo ina koya wa mutumin da ya yi tambaya a kaina yadda zai riƙe matarsa. Yana ce min ustaza, wato malama, idonsa na kan kafet.

Bai iya ba. Damƙe mata yatsu yake yi kamar zai buɗe kwalba, hannun bai wuce goshinta ba, sai ya murɗa. Ta cije leɓe, ta leƙo ni ta ƙarƙashin hannunsa. Gyaran kuwa maganar baki ce kawai: saki yatsu, ɗaga sama.

Gwaggo ta leƙo daga kicin. "Ya ya, angon aro, na gasken ya iya?"

Na ce, "Zai iya."

Ranar Alhamis zan koma, kuma daga ita sai biki. Hajiya za ta zauna a teburin gaba. Ku gaya min, in gyara masa hannun, ko in bar shi ya juya ta yadda ya iya?