Kututturen Kirya Mai Maganin Ciwon Baya

A gidan mijina a Matameye, shekaru kaɗan kafin Nasara su tafi, akwai wani kututturen kirya da mutum biyu ba sa iya rungume shi. Ya zauna daidai inda darni ya kamata ya wuce: rabi a cikin gida wajena, rabi a waje wajen maza. An jingina zana a kansa don sutura, amma akwai kafa ta gefen saiwoyinsa, kuma duk awakin unguwa sun san ta. Ni kuwa gyaɗa ce sana'ata, mai da ƙuli-ƙuli. Kakar da ta wuce, rabin abin da na shanya awaki ne suka ci.

Da damina ta yi nisa na ce wa mai gidana, "Malam, kaka ta kusa. A cire min kututturen nan, a rufe darni."

Ya ce, "Ƙaramin aiki ne. A Kano na ga an ɗaura wa wanda ya fi wannan sarƙa, mota ta fizge shi kamar haƙori."

Mota ba ta zo ba. Sai ya kirawo yayansa da maƙwabcinmu, suka zo da gatari. Sara uku, bakin gatari ya lanƙwashe. Suka zauna a kan kututturen don su yi shawara. Shawarar nan ta cinye wata guda. Kullum bayan la'asar ina jin su ta bayan zana: a haƙa ta gabas, a'a ta yamma, a'a a jira kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Har goro ake rabawa a kansa.

Sai na kama aikin da kaina. Ta ɓangarena na riƙa ƙwaƙule ƙasa da tsohuwar fartanya, kaɗan-kaɗan, har rami ya shige ƙarƙashinsa. Na ɗura ɓawon gyaɗa, na sa garwashi, na rufe da fasasshen kasko. Duk mai suyar ƙuli ta san halin ɓawo: ba ya tashi da harshe, ci yake a hankali. Na matso da murhuna kusa, hayaƙin ya gauraya da na girki.

Bayan kwana goma na ji Yaya, wanda ciwon baya ya daɗe yana damu, yana cewa, "Kai, kun lura? Ko ruwa aka yi, kututturen nan a bushe yake, da ɗuminsa. Wallahi bayana ya saki."

Maƙwabci ya ce, "Kirya ce fa. Kana tsammani kakanni a banza suka bar ta?"

Kafin Juma'a labari ya kai Kance. Wani tsoho ya zo kan jaki tun daga Dawce, ya zauna rabin yini, ya tafi yana sa albarka. Mai gidana ya leƙo ya ce, "Maganar cirewa a dakata tukuna. Jama'a na amfana."

Na ce, "To, Malam." Na ƙara ɓawo.

Ranar da abin ya faru, Yaya ne a kai, yana nuna wa baƙi biyu yadda ake zama don maganin ya shiga jiki. Sai na ji rugum, sai salati. Saman kututturen ya rufta, toka ta tashi. Tsallen da Yaya ya yi, ni ma na yarda bayansa ya warke. Rigarsa ce kawai ta ƙone ta baya.

Mai gida ya zagayo ciki. Ya dubi ramin, ya dubi tulin ɓawo, ya dube ni.

"Ke, kin san kin kusa gasa min ɗan'uwa?"

"Allah ya kiyaye, Malam."

Ya rage murya. "Kada kowa ya ji. Mutanen Dawce ba za su bar mu mu shiga kasuwa ba."

Na ce, "Ai in darni a rufe yake, wa zai ga ɓawo?"

Kafin magariba shi kaɗai ya cike ramin, ya kafa sanduna, ya ɗaura sabuwar zana ninki biyu. Gyaɗata ta shekarar ta bushe ba a taɓa ko ƙwaya ba. A waje kuwa ina jin Yaya yana gaya wa waɗanda suka makara cewa su yi haƙuri, itacen ya ba da iya abin da Allah ya ajiye a cikinsa.