Dogara da Sabuwar Motar Zumuntar Mata

Dogara Andrawus mutumin Nok ne. Ya koyi tuƙi a Kafanchan, ya yi shekaru yana jan lori na wani ɗan kasuwa, yana kai citta da doya tashar jirgin ƙasa. Duk motar da ta taɓa shiga hannunsa tsohuwa ce, wadda wasu suka gama cin ƙuruciyarta. Shi ya sa lokacin da Zumuntar Mata ta cocinsu ta sayi sabuwar Fijo a-kori-kura a daminar 1977, aka ce shi zai tuƙa, ya yi ta godiya.

Mama Afiniki, shugabar zumuntar, ita ta miƙa masa makulli bayan Fasto ya yi addu'a. Ta ce, "Ɗana, wannan cittar matan garin nan ce ta zama ƙarfe. Ka riƙe ta da kyau."

Kafin ya fara aiki ya kai ta wurin Martins, tsohon bakanike a bayan kasuwar Kafanchan. Martins ya buɗe bonet, ya daɗe yana sauraren ƙarar injin. Ya ce sabon inji ƙarafansa ba su saba da juna ba tukuna, sai sun goge a hankali sun zauna daidai. Kada ya yi mata lodi mai nauyi. Da safe ya bari ta ɗumama kafin ya tashi. Kada ya bar ta tana nishi a babbar giya wajen hawa tudu, kada kuma ya daɗe a kan gudu iri ɗaya. Sannan ya yanki filasta ya manna a gilashin maleji.

"Allura kada ta wuce nan," in ji shi. "In ka yi tafiya kaɗan ka dawo mu zubar da baƙin mai na farko."

Dogara ya bi maganar nan kamar dokar coci. Masu keke sukan wuce shi a gangara suna ɗaga masa hannu. Mata sukan yi ƙorafi don yakan bar rabin buhunansu a gefen hanya ya ce sai sawu na biyu. Matarsa Emilia ta ce tun da motar ta zo, ba ya jin kukan yaransa sai kukan inji.

Wata Laraba da hantsi yana goge gilashi a ƙofar gida, aka kawo Obadiah, wan Emilia, a kan wani tsohon ƙyaure. Kububuwa ce ta sare shi a gonar citta. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, in ya tofa yawu da jini-jini a ciki. Kowa a Nok ya san abin da wannan ke nufi, kuma maganin sai asibiti a Kafanchan.

Aka shimfiɗa shi a baya, Emilia ta tallafe kansa. Dogara ya tayar da mota, injin da sanyinsa, bai jira ba. Da suka hau babbar hanya ya dubi filastar nan, ya dubi madubi, ya ga idon matarsa. Ya taka totur. Allura ta haura filasta ta ci gaba. Motar ta riƙa dukan ramuka, jan taɓo yana fallatsa har saman gilashi. A kowane tudu yana jin injin yana nishi. Bakinsa bai daina "Yesu, ka taimake mu" ba har suka tsallake layin dogo suka shiga gari.

An karɓi Obadiah da sauri, aka yi masa allura. Da la'asar wata nas ta fito ta ce jinin ya fara tsayawa, sun zo a kan lokaci. Emilia ta zauna a dandaryar baranda tana kuka a hankali. Dogara ya yi ajiyar zuciya, amma da ya fito ya ji motar tana ta ƙauri saboda zafi, sai wani nauyin ya sauko masa. Motar ba tasa ba ce.

Washegari ya lallaɓa da ita garejin Martins, ya faɗa masa komai. Martins bai yi faɗa ba. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye cikin kwano. Ya fito da shi rana, ya murza tsakanin yatsunsa. Akwai ɗan ƙyalli kamar garin ƙarfe.

"Na kashe ta ko, Baba?"

"Wannan ƙurar kowane sabon inji yana zubar da ita. Shi ya sa na ce ka dawo." Ya sa sabuwar filta, ya zuba sabon mai, ya tayar. Ya duba hayaƙi, ya kara kunne, ya leƙa ruwan lagireto. "Ba ta ji komai ba. Gudun yini ɗaya ba ya kashe mota in akwai mai da ruwa. Amma kada ka ƙara, ka koma yadda ka fara."

Dogara ya zauna a kan wata tsohuwar taya, sai a lokacin ya tuna bai sa komai a cikinsa ba tun jiya da safe.

Da ya je gaya wa Mama Afiniki, ya tarar labari ya riga shi. Tana shanyar citta a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi sosai ba. Ta ce da ya tsaya lallashin ƙarfe ya bar mutum ya mutu, da ita da kanta za ta karɓe makullin.

Bayan mako guda ya ɗauko Obadiah daga asibiti. Ya zaunar da shi a gaba, ƙafar a miƙe kan tsumma. Suka taho a hankali cikin yayyafi, Obadiah yana ta tambaya ko an yi masa noman gonar tasa, ko kuwa ciyawa ta cinye.