Babbar Ƙwaryar 'Yan Kokawa

Abin da zan faɗa ya faru ne bayan an sauke tutar Bature, kafin a soma ɗibar samari zuwa yaƙin basasa. In ana so a gane shekarar sosai, ita ce wadda aka kawo injin niƙa na farko garinmu, mata suka yi ta zuwa kallonsa da dawarsu a ka amma suna tsoron zubawa. A kakar ce kuma auduga ta yi kyau har jakuna suka gaji da hanyar fuloti, inda ake awonta kafin a kwashe zuwa Funtua.

Garinmu ɗan ƙaramin gari ne kusa da Dayi, ba a san mu da komai ba sai noma da kokawa. Maigidana tsohon ɗan kokawa ne, shi ke gyara samari a kan yashin rafi da zarar an kai dawa rumbu. Ni kuwa ni ce uwar 'yan kokawa, kuma ba roƙo na yi aka ba ni ba. Dattawa ne suka duba garin kaf suka ga ba macen da ta kai ni ido.

Aikina fura. In sun taso daga yashi da hantsi, sai su zube a gindin durumin ƙofar gidanmu in dama musu, kowa ya sha yadda ya samu. Amma sau ɗaya a shekara, ana gobe babbar kokawa da mutanen ƙetaren rafi, furar takan zama hukunci. Ranar nakan jera ƙorai, daga babba har zuwa ɗan ƙoƙo. In ɗauki babbar da hannu biyu, in kira sunan wanda ya fi kowa a gaban jama'a, in miƙa masa. Shi zai kara da zakaran ƙetare. Daga nan in bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san matsayinsa, kowa ya san wanda zai kama gobe.

Ba a fage kawai nake auna su ba. Ina kallonsu a gayya, in ga wanda ƙugunsa bai sage ba har azahar. Ina kallon yadda mutum ke ɗaga dami, da baya yake ɗauka ko da cinya. Wanda aka kayar kuma, tashinsa nake duba: wani ya tashi yana kakkaɓe yashi yana neman wanda zai ɗora wa laifi, wani ya tashi yana kallon ƙafar da ta kayar da shi.

A shekarun nan akwai ɗan maƙeri, mai hannu kamar awartaki, in ya riƙe ka sai ka ji numfashinka ya koma ciki. Sai dai ƙafarsa ba ta da wayo, kuma yana da saurin fushi. Akwai ɗan wani Bamaguje daga unguwar bayan dutse, gajere, ƙugu kamar turmi. Ba a kayar da shi da sauƙi, shi ma ba ya kayarwa da sauƙi, sai ya tsaya ya gajiyar da kowa har da makaɗa. Akwai ɗan Bayarabe mai tireda, haifaffen garinmu, wanda ya fi mu iya zagi da Hausa. Shi taɗiya ce tasa, kafin ka ankara ƙafarsa ta shiga tsakanin naka.

Sai kuma yaron nan. Ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, kamar yadda ba wanda ya taɓa ji. Haka muka tashi: uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi yana ɗakin kakarsa, uwar maigidana, ita ce ke kiransa mijinta tana yi masa tsiya.

Shi ma da ɗan ƙoƙo ya fara, yana siriri kamar karan dawa. Ranar da ya fara shiga yashi, kakarsa ta ce, "Ku riƙe min mijina da kyau, kada iska ta kai shi Musawa." Amma shi irin masu kallon ƙafar nan ne. Ya bi ɗan Bayarabe har ya sace masa taɗiya. Da damina ya riƙa zuwa bayan dutse yana taya Maguzawa huɗa, ya dawo ƙugunsa ya cika. A hannun ɗan maƙeri kuwa ya sha kaye iri-iri, har ya gane cewa in ka bar shi ya yi fushi, shi zai kai kansa ƙasa. Kaka bayan kaka ƙwaryarsa tana girma. Wannan bai dame ni ba, don ƙananan ƙorai ba dole a kira suna, sai in dire masa a gabansa ina kallon wani wajen.

Duk tsawon lokacin nan babbar ƙwarya tana hannun ɗan maƙeri, kuma duk shekara zakaran ƙetare sai ya shimfiɗe mana shi. Wani ƙato ne baƙi, mai sanyin rai, ya san yadda zai tsokane shi. Ni ke shan kunyar a kasuwa. Matan ƙetare masu sayar da daddawa, da sun hango ni sai su fara.

"Uwar 'yan kokawa, ina kwana? Ya jikin 'ya'yan naki?"

"Ruwa kike cika wa furar nan, ko gero ne ya yi muku tsada?"

In wuce kaina a sama.

To, a wannan kakar ta injin niƙa, abu ya fito fili. Yaron nan ya kayar da ɗan maƙeri a yashi, ya sake kayar da shi, ya ɗaga ɗan Bamaguje da ba a taɓa ɗagawa ba. Makaho ma ya san wa ya cancanci babbar ƙwarya. In na ba wani, mun sake shan ƙasa, kuma na zalunci yaro. In na ɗauka da hannu biyu na kira sunan ɗan farina a bainar jama'a, na zama abin faɗi har jikokina.

Na sami maigida yana gyaran sirdin jaki, na ce, "Malam, gobe fa rabon fura. Wa ka gani?"

Ya ce, "Ni me na gani? Ai ke ce mai ido."

"Kai ke tare da su a yashi."

"To, akwai dai wani."

"Wane wani?"

Ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariya, don shi ma ɗan farinsa ne, bakinsa a ɗaure yake kamar nawa.

Tsohuwa tana jin mu daga ƙofar ɗakinta, ta ce, "Ku ji min marasa amfani! Ki ba ni ƙwaryar ni in miƙa wa mijina, in kira sunansa har a ji a Bakori."

Na ce, "Inna, in ta fito daga hannunki za a ce tsohuwa ce ta ba mijinta. Ɗan maƙeri ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya. Daga hannuna ake karɓarta."

"To sai ki zauna kunya ta kashe ki, ƙato ya sake kashe mu."

Washegari da hantsi gindin durumi ya cika, har da dattawa da makaɗa da mutanen bayan dutse. Na shimfiɗa tabarma, na jera ƙorai. Kowa ya zuba wa babbar ido. Ni kuwa sai na tsallake ta, na je can ƙarshe na ɗauki ɗan ƙoƙo, na kira autan cikinsu na ba shi.

Wani dattijo ya ce, "A'a, uwar yara, ta wutsiya kika fara?"

Na ce, "Baba, bana ƙanana za su fara sha, sun daɗe suna jira."

Haka na riƙa hawa, kuma a ranar nan kowa sai da na kira sunansa da ƙarfi. Na ba ɗan Bayarabe, na ce ya ƙara cin tuwo, wayo ba ya ɗaga ƙato. Ya ce, "Inna, tuwon gidanmu ne ba ya zama a ciki." Na ba ɗan Bamaguje, na ce gobe in ya ga dama ya kayar da mutum kafin rana ta faɗi. Saura ƙwarya biyu, saura mutum biyu. Na ɗauki ta biyun na kira ɗan maƙeri.

 Ya taso ya karɓa, ya ce, "Inna, bayana ya riga ya faɗa min tun a yashi."

Aka yi dariya, ni kuma na kakkaɓe zanena na ce, "Kowa ya ji sunansa. Ga ƙwarya nan ta rage a tabarma, wanda bai ji nasa ba ya san kansa." Na juya na shige gida.

Ban ga lokacin da ya ɗauka ba. Ganga na ji ta tashi, da muryar tsohuwa tana kwarara sunan mijinta tana ƙara masa da kirarin da ba wanda ya san inda ta samo shi.

Ranar kokawa ban je fage ba. Ina zan tsaya in kalli ɗan fari? Na zauna a tsakar gida da mazarina ina kaɗi, garin ya watse sai ni da kaji. Daga nan ina jin ganguna. Na san kiɗan kowa, don haka na san lokacin da aka gama da ƙanana, na san lokacin da aka kira manya. Sai kiɗa ya ɗauke. Shirun nan ya yi tsawo har zarena ya tsinke na ƙulla, ya sake tsinkewa. Can sai ihu ya tashi kamar rumbu ya faɗi, kuma ihu ba ya faɗa maka na wane gari ne.

Guɗar tsohuwa ce ta faɗa min. Muryarta duk ta dushe, amma tun daga bakin rafi na gane ta. Suka shigo da yaron nan a kafaɗa, ɗan maƙeri ne ma ya ɗauko shi, yashi har cikin gashinsa. Tsohuwa tana rawa tana cewa, "Fito ki gani! Ya ɗaga ƙato ya nuna wa Allah, ya ajiye shi kamar buhun auduga!"

Na ce, "To, ku sauke shi kada ku karya min danga." Na shiga ɗaki wai zan ɗebo gero. Abin da na yi a ɗakin nan ni da Ubangijina muka sani, amma tukwanen jerena sun ga rawa.

Ranar kasuwa na ɗaura sabon zane, na bi layin masu daddawa a hankali, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi jikin ɗansu. Ban sayi komai ba.

Yau cikin waɗanda suka zauna a gindin durumin nan, tsohuwa da maigida da ɗan maƙeri duk sun riga mu, Allah ya jiƙansu. Ɗan Bayarabe yana Funtua, jikokinsa ke jan motoci. Ɗan Bamaguje yana nan bayan dutse, ido ya tafi amma har yanzu yana zuwa gona. Zakaran ƙetare ma an ce yana raye, yana limanci a unguwarsu. Sai yaron nan, da furfura har gemu. Sai ni.